Masu Karatun Kaɗanya

Najat ba ta yi niyyar tona asirin kowa ba. Gara in faɗi wannan tun farko, don mutanen Tamale sun iya yanke wa mutum hukunci tun bai sauko daga kan moto ba.

Kwantena ce da ita a Kanvili, bakin titi, inda take buga wa mutane takardu tana ɗaukar hoton fasfo. Amma ba shagon ne ya cinye mata rai ba. Wani shafi ne da ta gina a intanet shekara huɗu da suka wuce, ta sa masa suna Tabarmar Zango. Duk mai labari a cikinsa sai ya zo ya zuba, babi bayan babi, masu karatu na biye da shi suna sharhi. Da farko ita ce da ƙawayenta uku, su ne marubutan, su ne kuma masu karatun. Sannu a hankali aka fara shigowa daga Nima, daga Kumasi, daga Yendi, har Yamai da Kano. Ita kuwa Najat, Allah bai yi ta da barin abu yadda ta same shi ba. Yau ta ƙara girman harafi saboda masu raunin ido, gobe ta rage wa shafin nauyi saboda masu ƙaramin data. A azumin bara ta ƙara abin da ta fi alfahari da shi, wata 'yar lamba a ƙarƙashin kowane labari mai nuna mutum nawa suka karanta. Da wani ya buɗe, sai lambar ta motsa a gaban idonka. Marubuta suka haukace a kanta, wasu ko koko ba sa sha da safe sai sun duba.

Wadda lambarta ta fi ta kowa ita ce mai kiran kanta Kaɗanya. Duk duniya Najat kaɗai ta san cewa Kaɗanya ita ce Latifatu, mai sayar da man kaɗe a kasuwar Aboabo, matar Sualihu mai gyaran moto, wato babur, a Bulpiela. Da babban yatsa ɗaya take rubutu, a waya, tsakanin mai saye da mai saye, kai tsaye cikin shafin, ba ta ajiye komai a wani wuri. Hausarta ta zango ce, mace ya zo namiji ya zo, Turanci da Dagbanci na faɗowa ciki yadda suka ga dama. 'Yan Kano suka fara da tsokana da gyara. Kafin babi na biyar bakinsu ya mutu, sai roƙon ci gaba. Sunan labarin Motar Techiman, a kan wata bazawara mai fataucin doya da direban da ke kai ta. Babi talatin da takwas, kuma abin da ya fi nisa a ciki shi ne ranar da direban ya riƙe mata hannu don ta hau bayan mota, ya ɗan jima bai saki ba.

Abu ɗaya Latifatu ta taɓa roƙon Najat. "Sista Najat, sunana kar ya fita. Maigida bai san ina wannan ba. Ba mugu ba ne fa, ni ce kunya ke kashe ni." Najat ta yi dariya ta ce ta kwantar da hankalinta.

Wata Laraba a cikin Afirilu, ana zafin nan da ke hana ko kadangare fitowa, Latifatu ta haifi 'ya mace da hantsi. Jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar an kai Latifatu makwancinta.

Najat ta je gaisuwa ta dawo, ta zauna a gaban kwamfuta ba don tana da abin yi ba. Sai ga sharhi na shigowa a ƙarƙashin Motar Techiman. "Kaɗanya ina kika shiga?" "Kin bar mu a tasha fa." Wata daga Nima har da zolaya, wai ko direban ne ya gudu da ita. Najat ta karanta ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka sosai. Kwana biyu tana kallonsu suna wasa da wadda ke cikin ƙasa, ta kasa jurewa. Ta ce lallai a gaya musu, kuma lallai su yi mata addu'a, don masu karatu dubu tara da lambarta ke nunawa ba ƙaramin taro ba ne. To, a wurinmu ba a yi wa mamaci addu'a da sunan bishiya. Wance ake cewa, 'yar wane. Sai ta rubuta sanarwa cewa Kaɗanya ita ce Latifatu 'yar Alhaji Gariba na Gumbihini, matar Sualihu, ta rasu wajen haihuwa, a sa ta a addu'a. Ta ɗora hotonta, ta ɗaga labarin zuwa saman shafin farko. Alƙawarin nan ya faɗo mata a rai, ba wai bai faɗo ba. Amma ta ce wa kanta ai na mai rai ne mai jin kunyar miji, yanzu kuwa wace kunya ta rage.

Lambar ta tashi kamar farashin tumatir a rani. Dubu tara ta zama sha biyar, ta zama ashirin.

Ranar bakwai ta zo da abu biyu a gida ɗaya, suna da addu'a. Da sassafe aka yanka rago aka raɗa wa jaririya suna Shamsiya, ba kiɗa ba guɗa. Da rana aka shimfiɗa tabarmi don addu'ar uwarta. Sai ga baƙin mata, mota guda daga Kumasi, wasu daga Yendi, ba wanda ya san su, suna kuka suna kiran Kaɗanya. Dangi suka yi ta kallon juna. Kafin a kawo shinkafa wani suruki ya riga ya miƙa wa Sualihu waya ya nuna masa hoton matarsa. Ana cikin haka malamin da aka gayyato ya fara nasiha. Ya ce abin da mutum ya bari a bayansa ba ya tsayawa don ya mutu. Wanda ya haƙa rijiya, duk wanda ya sha ana kai masa lada har kabari. Wanda kuma ya bar abin da ke shagaltar da mutane, duk wanda ya taɓa shi ana kai masa nasa kason. Bai ambaci kowa ba. Ni ina jin ma bai san da wani shafi ba, nasihar da ya saba yi ce a kowane gidan rasuwa. Amma Sualihu na zaune a gabansa da waya a hannu.

Bayan kwana uku ya zo Kanvili. Dogo ne, mai sanyin magana, baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce. Ya tsaya a bakin kwantenar ya ce gaafara, ya jira har aka ce ya shigo. Suka gaisa, ta sake yi masa ta'aziyya, ya amsa kansa a ƙasa. Sannan ya fito da waya mai tsagaggen gilashi ya ajiye a gabanta.

"Sista Najat, jiya bayan asuba dubu ashirin da ɗaya ne da ɗari huɗu. Yanzu ga shi, da ɗari bakwai."

Ta ce haka ne, mutane na sonta.

"Mutum ɗari uku a yini ɗaya," in ji shi. "Ita kaɗai a cikin kabari, ana ta kai mata." Ya goge fuska da hularsa. "Ina roƙonki ki cire. Duka. Kafin arba'in."

Ta ce, "Malam Sualihu, ka karanta kuwa? Wallahi babu abin kunya a ciki. Ka buɗe ka gani da idonka."

"Ban buɗe ba. In na buɗe, ni ma na ƙara mata ɗaya."

Ashe kullum daga shafin farko yake tsayawa, inda ake ganin lambar ba tare da an shiga ba. Yana cikin kwance injin sai ya goge hannu ya duba. Ta nuna masa saƙon wata mata daga Yendi da ta ce labarin ne ya riƙe ta shekarar da mijinta ya rasu. Ta ce ya tambayi wani malamin, ai ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Ya ce ya tambayi biyu. Ɗaya ya ce in babu batsa ba laifi, ɗayan ya ce ƙagaggen zance ne, barinsa ya fi. "To in na farko ne da gaskiya, labari muka rasa. In na biyu ne fa? Ni ban iya komai ba lokacin da jini ke zuba, a waje aka bar ni tsaye. Wannan kam zan iya."

Ta ce ya ba ta lokaci.

Sai ta yi abin da ta iya, wato gyara. Ta zauna yini guda ta cire lambar daga ƙarƙashin Motar Techiman, ta sauke labarin daga saman shafi. A ganinta in bai ga abin na hawa ba zuciyarsa za ta kwanta. Washegari ya dawo. Bai ɗaga murya ba, mutumin nan ko sau ɗaya bai ɗaga mata murya ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ya ce, "Ni kika rufe wa ido, sista. Mala'iku masu rubutawa ba a shafinki suke dubawa ba."

Ta kulle labarin, ba mai iya buɗewa. Kai, ranar ta ga abu. Masu karatu suka yi mata caa, wai ta hana su gadon Kaɗanya. Da zancen ya fita cewa mijin ne, sai aka koma kansa, jahili, ɗan ƙauye, da ma shi ya danne ta tana raye. Mutanen da ko layin Bulpiela ba su taɓa gani ba, kowa ya zama ɗan'uwan Latifatu. Najat ta yi ta share zagin da hannunta, tana yi tana jin haushinsu, tana jin haushinsa, amma haushin kanta ya fi. Da ta yi shiru, da Kaɗanya ta ɓace kamar yadda marubuta da yawa ke ɓacewa, labarin na nan, ba wanda zai taɓa shi. Ita ce da bakinta ta kai shi mahauta. Ta san haka, kuma ba wanda ya buƙaci ya gaya mata.

Ta kira shi ta ce yanzu ba mai karantawa, yana ajiye ne kawai a rufe. Ta ce ya tuna da Shamsiya, wata rana za ta girma ta so jin muryar uwarta. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Ke za ki iya buɗewa?"

"Zan iya."

"In ke ba kya nan fa, wa zai riƙe makullin?"

Ta ce ba ta sani ba.

"Ke ma mai amana ce," in ji shi, "ga shi kuma ya fita."

Bai faɗa da gatse ba. Da da gatse ne da ta samu abin riƙewa ta yi faɗa. Ta ajiye wayar, ta ɗauko wani ɗan filas na ajiye bayanan kwamfuta daga aljihun tebur, ta kwafe babi talatin da takwas ɗin da aka wallafa, ta jefa shi cikin jakarta. Ta ce ko me za a yi, wannan dai nata ne.

Ana gobe arba'in, da hantsi, ya zo. An yi ruwan farko da asuba, titin Kanvili duk jan laka, ya tsaya yana kankare takalminsa a bakin ƙofa don kar ya ɓata mata wuri. Ta ba shi kujera ya ƙi, ya tsaya a bayanta. Ta yi masa bayani a taƙaice, fuskarta a ɗaure. Ta ce shafin na da wani maɓalli da ta gina shekara biyu da suka wuce, lokacin da wata marubuciya ta nemi a share ta gaba ɗaya. Yana kwashe duk abin da mutum ya taɓa sawa, daga shafin da kuma ma'ajiyar da ake adana kwafi saboda tsaro. In an danna an gama, ko ita ba ta iya dawo da shi. Ya ce shi yake so.

"Babu wani a wani wuri?" ya tambaya. "Don girman Allah, sista Najat."

Da bai haɗa ta da Allah ba, da ta yi ƙarya, kuma da ta kwana lafiya. Ta jawo jakar, ta fito da filas ɗin, ta soka, ta share a gabansa. Ya ce Allah ya saka da alheri.

Ta buɗe sunan Kaɗanya. Ba ta tsaya duba komai ba, don ta san in ta ga ko layi ɗaya na Motar Techiman hannunta ba zai yi ba. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce e. Ta sake tambaya, ta ce e. Karo na uku ta nemi a rubuta sunan da hannu. Najat ta rubuta shi harafi-harafi, idonta cike da hawaye, ta danna. Abin ya ɗan yi juyi. Ko minti ɗaya bai kai ba. Rubutun shekara biyu da babban yatsa ɗaya ya tafi, sai ga ɗan rahoton da shafin ke fitarwa in ya gama aiki.

An share babi 38. An share sharhi 3,114. An share hoto 1. An share daftari 1: Na Sualihu, zan karanta mishi bayan suna.

Najat ta daskare. Kowane marubuci na da wurin ajiye rubutun da bai fitar ba tukuna, kuma ita ce da kanta ta yi shi a rufe, yadda ko ita ba ta gani, don marubuta sun ce ba sa son a leƙa musu tukunya kafin ta dahu. Ko kusa bai zo mata a rai ba cewa akwai wani abu a can. A gefen layin ga kwanan wata, Talatar da ta zo kafin Larabar da ta rasu, ga kuma tsawonsa, kalma dubu biyu da ɗari shida.

Sualihu ba mai saurin karatun boko ba ne. Ya sunkuyo, yana bin layin da yatsa bai taɓa gilashin ba, leɓensa na motsi.

"Wannan sunana ne?"

"Sunanka ne."

"Karanta mini."

Ta karanta masa. Muryarta ta karye a kan kalmar suna.

"Me ta ce a ciki?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ita kaɗai."

Ya miƙe tsaye, ya sake sunkuyowa. Ya riƙe bayan kujerarta da hannu biyu. "To wannan ba na mutane ba ne," in ji shi a hankali. "Wannan ba ya cikin lissafi. Dawo da shi. Shi kaɗai, sauran a bar su."

Ta san amsar, ai ita ta gina abin, kuma ta gina shi da kyau. Duk da haka ta shiga nema. Ta buɗe ma'ajiya, ta buɗe ta makon jiya, ta buɗe ta watan jiya, duk inda sunan Kaɗanya yake an share shi tas. Ta tambaye shi wayar Latifatu, ya ce tana gida, ta ce ko an kawo ba abin da za a samu, a shafin take rubutawa ba a wayar ba, amma ya kawo. Ya hau moto ya je Bulpiela ya dawo cikin laka, wandonsa ja har gwiwa. Ta bincika wayar ciki da waje. Hotunan man kaɗe ne, da na kayan jariri, da saƙon masu saye. Wani mutum ya leƙo yana son hoton fasfo, ta ce masa an tashi. Aka kira azahar suna nan. Daga ƙarshe ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar ta ajiye a cinya.

"Malam Sualihu, babu. Ka yafe mini."

"Ni na ce ki share," in ji shi.

Ya zauna a kujerar da ya ƙi ɗazu. Bai yi kuka ba, sai dai ya yi ta kallon layin nan kamar zai ƙara tsawo. Can ya ɗaga wayarsa zai ɗauki hotonsa, hoton ya fito dishi-dishi. Ya sake, haka. Najat ta ce ya bari. Ta kwafi layin shi kaɗai, ta ƙara masa girma, ta tura wa injin buga takarda. Injin ya yi 'yan ƙararrakinsa ya turo farar takarda da layi ɗaya a samanta, da sauran ɗuminta.

Ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa. Ya karanta daga farko har ƙarshe, a hankali, yadda ya iya. Sannan ya juya takardar ya duba bayanta, ko akwai saura.